Kwamfuta Taka, Iko Na Kamfani

A ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye tallafinsa ga Windows 10, yana matsa wa jama'a su koma Windows 11, wadda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa iya ɗauka. Sabuwar tana aika wa kamfanin bayanan yadda ake aiki da ita, tana kuma tura mutum ga Edge wajen shiga intanet.

Abin lura shi ne, kamfanin ba ya sassautawa sai doka ta tilasta masa. A 2013 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 561 saboda hana jama'a zaɓin manhajar shiga intanet, kuma dokarta ce ta ba Turawa damar cire Edge tun 2024. Inda babu irin wannan doka, mai kwamfuta ɗan haya ne a gidansa.