ZAMAN IYALI: Tudun rairayi da baƙuncin iyaye

A wannan wata filin Zaman Iyali ya ɗauko labarin wani malamin lakwal da iyayensa. An sakaya sunansa, domin abin da ya same shi yana samun mutane da yawa. Mai ɗa a birni ya karanta. Mai iyaye a daji shi ma ya karanta. Wanda ya gama ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.

Ɗan Tenhiya a Damagaram

An haifi malamin a wani zangon makiyaya na ƙasar Tenhiya. Tenhiya ƙaramar hukuma ce arewa da Tanut, cikin Damargu, jahar Damagaram. Da can Tanut da Balbeji gunduma ɗaya ce. A shekarar 2011 aka ba Balbeji tata gunduma. A kudancin ƙasar ana noman hatsi. A arewa kuwa kiwo ne sana'a: raƙuma, shanu, tumaki da awaki.

Yana yaro ɗan shekara 9 aka yi farin 1984, wanda mutane suke kira El-Buhari. Bisashen ubansa suka mutu, sai ƴan awaki ƙalilan. Iyalin suka gangaro Tanut neman abinci. A nan aka sa yaron lakwal. Da damina ta gyaru, iyayen suka koma arewa. Wani ɗan uwa ya ba su saniyar habbanaye, suka sake kafa garke a hankali. Shi kuma yaron ya zauna karatu har ya zama malami. Ya yi aure a Damagaram, ya haifi ƴaƴa 4.

Yana aika wa iyayensa kuɗi da shayi da sukari. Yana kiran su ta salula in sun zo kasuwa. Amma ziyara ta yi wuya. Sai shekara 2 ta wuce ba su ga juna ba.

Zuwan iyaye

A watan Fabrairu na 2022 aka yi masa waya cewa idon tsohon ya dushe. Ba ya gane saniyarsa sai ya shafa ta. Malam ya ce a kawo shi. Tsoho da tsohuwa suka shiga motar kasuwa, suka bi rairayi har Tanut. Daga nan suka hau kwalta, tafiyar kusan kilomita 150, suka iso Damagaram da la'asar. Sun zo da cuku, da kwalbar man shanu, da ɗan rago.

Malam ya yi shiri mai yawa. Ya ci bashin jika 60 wurin mai kanti. Ya sayi katifa sabuwa, da buhun shinkafa, da makaroni, da lemun kwalba. Aka share ɗakin baƙi, aka sa labule. Ya gargaɗi yara kada su yi hayaniya, kada su dami kakanninsu. Ya ce wa matarsa kada ta bar Inna ta taɓa aikin komi.

Likitan ido ya duba tsohon, ya ce yana ce ta rufe idanun biyu. Ya sa ranar aiki bayan kwana 10.

Kwana na farko ya wuce lafiya. A kwana na biyu tsohon ya janye katifa gefe, ya kwanta bisa tabarma. Aka kawo shinkafa da miya, ya ci loma uku ya tsame hannu. Tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, surukarta ta durƙusa ta karɓe, ta ce: "Inna, ki huta, ai aikina ne." Ta kai hannu ga taɓarya, aka karɓe. Malam yana fita da safe, ya dawo da yamma. Sai ya tsaya bakin ƙofa ya gaishe su, ya tambayi abin da suke bukata. Su ce babu komi. Ya koma nasa ɗaki yana jin ya sauke nauyi.

A kwana na huɗu tsohon ya kira shi, ya ce: "Gobe za mu koma. Bisashe suna hannun yara."

Malam ya ce: "Baba, saura kwana 7 a yi aikin ido."

Tsohon ya ce: "Ido na Allah ne. Mun gode da ɗawainiya."

Malam ya rasa abin cewa. Ya san halin ubansa, in ya faɗi magana ba ya janye ta. Ya kuma san in tsohon ya koma daji da wannan yana, makanta ce ƙarshenta. Ya duba ɗaki ya ga katifa, ya ga lemu, bai ga inda ya gaza ba.

Abin da telabijin ya nuna

A daren nan yara suka kunna telabijin a tsakar gida. Lokacin ana wasannin ɗari na duniya a birnin Bejin na ƙasar Sin. Aka nuna mutane suna gangarowa daga kan dutse cikin dusar ƙanƙara, gudu kamar iska. Ƙaramin jikan ya manta da gargaɗin ubansa. Ya ruga ɗakin baƙi ya jawo hannun kakansa, ya ce: "Kaka, zo ka ga masu sulu!"

Tsohon ya fito yana lalube. Ya ce: "Kai abokina, ni da ba na ganin hannuna, me zan gani? Sai dai ka faɗa mini."

Yaron ya ce ga tudu fari fat, dogo ƙwarai. Ga mutum ya ɗaura katako biyu a ƙafa, ya riƙe sanda biyu, yana zamewa har ƙasa. Wani ya faɗi, ya yi ta mirginawa.

Tsohon ya yi shiru. Can sai ya fashe da dariya, irin wadda ba a ji ba tun zuwansa. Ya ce: "Wannan ne abin mamaki? Ubanka ya riga su. Tambaye shi ina agalemina na salla."

Tsohuwa ta fito ita ma tana dariya. Ta ce wa jikan: "Maigidana, zauna ka ji ta'asar ubanka."

Bayan zangonsu akwai wani babban tudun rairayi. Gefensa na gabas yana da sauƙin hawa. Gefen yamma kuwa a miƙe yake. Da sanyin safiya, kafin rairayi ya yi zafi, yara su kora awaki gindin tudu, su hau. Mai tsohon ƙirgi ya zauna bisa ƙirgi. Mai fasasshen akushi ya zauna cikinsa. Wanda ba shi da komi ya sulalo da bayansa. A jera, a ƙirga uku, a saki jiki. Wanda ya fi nisa shi ne sarkin ranar. Wanda ya kauce hanya sai ya faɗa cikin ƙarangiya, ya wuni yana cirewa.

Wata rana yaron ya lura fata mai laushi ta fi gudu. Ya saci agalemin ubansa, ya kifa gashin sama, ya hau. Ranar ya wuce kowa. Ya yi ta hawa yana gangarowa har fatar ta huje. Da azahar tsohon ya shimfiɗa agalemi, goshinsa ya taɓa rairayi ta cikin huda.

Yara suka yi ta dariya. Malam, wanda ya tsaya bakin ƙofa, ya matso ya zauna ƙasa kusa da ubansa. Rabonsa da zama haka ya fi shekara 20. Ya ce: "Baba, har yanzu tudun yana nan?"

Tsohon ya ce yana nan, amma ya tashi daga inda yake. Da, ciyawa da kalimbo da itacen kandili sun riƙe gindinsa. Farin 1984 ya kashe su, abin da ya saura aka sare. Iska ta yi ta tura rairayi har ya binne tsohuwar rijiya. Ya lissafa wa ɗansa abokan wasan ɗaya bayan ɗaya. Wane ya rasu. Wane yana Libiya. Wane yana nan da raƙumansa, har ya aurar da ɗiya.

Aka ɗora shayi. Tsohon ya karɓi buta da kansa, ya ce shayin birni ruwa ne. Hira ta kai tsakar dare. Da za a tashi, tsohuwa ta dubi ɗanta ta ce: "Mun zo gidan ɗa, sai muka tarar da masaukin baƙi. Shi ya sa ya ce mu tafi."

Da safe malam ya sayo tiya 5 ta hatsi da nono. Tsohuwa ta karɓi taɓarya, surukarta tana tankaɗe. Aka dama fura. Aka mayar da tabarmar tsohon tsakar gida, inda yara suke. Ba wanda ya sake ɗaga maganar tafiya. Aka yi aikin ido ɗaya a ranar da likita ya sa. Da aka cire bandeji, tsohon ya dubi jikansa ya ce: "Ashe kai ne mai kunnen zomo."

Wasan sulu a wasu ƙasashe

Ga ɗan bayani domin masu son sani. A ƙasashen sanyi, maimakon ruwan sama, wani farin abu mai laushi ne yake zuba lokacin ɗari. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Yana rufe ƙasa da duwatsu kamar yadda rairayi yake rufe daji. Ƙafa tana nutsewa cikinsa. Saboda haka tun zamanin da mutanen arewacin Turai, kamar na ƙasar Norwai, suke ɗaura dogon katako a ƙafa domin tafiya da farauta. Daga baya abin ya zama wasa.

An yi wasannin ɗari na duniya na farko a garin Shamoni na Faransa a 1924. A Afirka ma ana wannan wasa, bisa duwatsun Atlas na Maroko, kusa da birnin Marrakesh. A 1984, shekarar da fari ya cinye bisashen Damargu, wani ɗan Senegal mai suna Lamine Guèye ya shiga gasar sulu a birnin Sarayebo. A ƙasar Namibiya kuwa bisa tudun rairayi ake yi, baƙi suna biyan kuɗi su hau katako su gangaro. Abin da ɗan makiyayi yake yi kyauta, wasu sai sun shiga jirgi sun biya.

Abin lura ga mai karɓar iyaye

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Malam ya shimfiɗa katifar bashi, amma shi kansa bai zauna ba. Ga abubuwa 5 da mai iyaye a karkara ya kamata ya riƙe:

1. A ba su abincin da suka saba. Cikin da ya shekara 70 da fura da nono ba ya canja hali a kwana 3.

2. A bar su su taɓa aiki daidai ƙarfinsu. Wanda ya saba tashi da asuba ya yi tatsa, zaman banza ciwo ne gare shi.

3. Kada a raba su da jikoki. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma ta nan yara suke sanin asalinsu.

4. Kada a ci bashi domin burga. Iyaye suna ganewa, kuma abin yana yi musu nauyi har su gaggauta tafiya.

5. A zauna da su, a tambaye su labarin gida, na rijiya, na bisashe, na dangi. Awa ɗaya ta hira ta fi kwalba 10 ta lemu.

Iyaye su ma da nasu. In abu bai yi muku daɗi ba a gidan ɗanku, ku faɗa masa da baki. Da wannan tsoho ya tafi da fushinsa a ciki, da ya tafi da makantarsa.

Magana biyu ta ƙarshe

Ta farko a kan yanar ido. Kwalli ba ya cire ta, haka saiwa ko maganin ɗigawa. Masu soka ƙaya ko allura a ido suna makantar da mutane da yawa. A asibiti ana kashe zafin wurin, a cire abin da ya dushe, a sa wani na roba. Aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Wanda tsohonsa ya fara ganin hazo ko da rana, ya kai shi likita tun da wuri.

Ta biyu a kan tudun rairayi. Yara su yi wasansu, ba laifi. Amma inda aka kafa shinge aka dasa itace domin tsayar da rairayi, kada a bar yara ko bisashe su tattake wurin. Kada a sare kalimbo da kandili na gindin tudu. Tun 1975 Nijar take bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta. Itacen da aka dasa ranar, sai an tsare shi zai tsare rijiya.

Malam ya yi wa ubansa alkawari. Da hutun lakwal zai kai yara Tenhiya su ga tudun da idonsu. Tsohon ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kowa ya zo da nasa ƙirgi, domin sabon agaleminsa ba na aro ba ne.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai. Allah ya ba da damina mai albarka, ya ƙara wa iyaye lafiya.