Harajin gida: wanda ya yi shiru shi ke biyan na maƙwabcinsa

Kowace shekara, idan watan Afrilu ya kama, akwai wata takarda da ke shiga gidajen jama'a a jihar Teksas ta ƙasar Amurka. Takardar neman kuɗi sai can wajen ƙarshen shekara take zuwa. Ita wannan ta Afrilu ofishin ƙiyasi na gunduma ne ke aiko ta, yana shaida wa mai gida cewa ga abin da aka ga gidansa ya kai a kasuwa ranar 1 ga watan Janairu. A kan wannan adadi ne hukumar makarantu da gunduma da ma'aikatar magajin gari kowa zai yanki nasa kaso. Jihar Teksas ba ta karɓar harajin albashi na kanta, saboda haka babban nauyin ya koma kan gidaje da filaye.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne doka ta ba mai gida damar ya ce bai yarda ba, kuma ta shimfiɗa masa hanya. Yana da wa'adi zuwa 15 ga watan Mayu, ko kwana 30 bayan an aiko masa da takardar, duk wanda ya fi nisa. Da farko yakan zauna da ma'aikacin da ya yi ƙiyasin, su duba tare. Idan ba su daidaita ba, sai a je gaban wani kwamitin sauraren koke wanda mutanen gari ne ke cikinsa, ba ma'aikatan ofishin ba. Kafin ranar zaman, mai gida na da haƙƙin a nuna masa hujjojin da ofishin zai kafa a kansa. In har can ma bai gamsu ba, ƙofar kotu a buɗe take. Hujja iri biyu ake zuwa da ita: ko dai a ce an kai gidan fiye da kuɗin da zai yi a kasuwa, ko kuma a ce an kai shi fiye da gidajen da suka yi kama da shi a unguwa ɗaya. Mutum ya zo da hoton rufin da ke yoyo, da tsagar bango, da takardar magini ta kuɗin gyara. A gundumar da birnin Hiyustan yake, da dubban ɗaruruwa ake lissafin koke-koken da ake shigarwa a shekara guda. Har sana'a abin ya zama, domin akwai kamfanonin da ke tsaya wa mutum, su ɗauki kasonsu cikin abin da aka rage masa.

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan akwai shi. Ƴan uwanmu da ke zaune a Amurka sun fara sayen gidaje da bashin banki, kuma da yawansu kuɗin da suke aiko wa gida daga abin da ya saura ne bayan an biya banki da haraji. Sa'an nan mu ma nan, duk lokacin da baitulmali ya ji ƙishirwa, ido kan koma kan gidaje da filaye.

Kuskuren da ya fi cin sabon mai saye a can shi ne ya tambayi mai sayarwa nawa yake biya, ya ɗauka shi ma haka zai biya. A Teksas, gidan da mutum ke zaune a ciki da kansa, doka ta hana a ɗaga ƙimarsa ta haraji fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara, ko da kasuwa ta yi tashin gwauron zabi. Wanda ya daɗe a gidansa a lokacin da farashi ke hawa, sai ka tarar ana yanka masa haraji a kan adadin da ke ƙasa da na kasuwa nesa. Amma wannan rangwame na mai gidan ne, ba ya bin gida zuwa hannun wani. A ɗauka gida ya kai dala 300,000 a kasuwa, tsohon mai shi ana lissafa masa a kan 200,000, haraji kuma kashi 2 cikin 100. Shi yana biyan 4,000. Wanda ya saya zai wayi gari da 6,000 idan aka sake ƙiyasi, alhali bai ƙara ko bulo ɗaya ba. Tun da yake banki ne ke tara kuɗin harajin wata-wata tare da biyan bashi, sai mutum ya ga an ɗaga masa abin da yake biya kowane wata ba shiri. Haka ma wanda ya sayi sabon gini: shekarar farko sau da yawa fili kawai aka ƙiyasta, don ranar 1 ga Janairu ba a gama ginin ba, sai shekara ta biyu gaskiya ta fito. Akwai kuma rangwamen da ake cire wa mai zama a gidansa daga harajin makarantu, wanda aka ɗaga zuwa dala 100,000 a shekara ta 2023, sa'an nan zuwa 140,000 a 2025. Amma sai mutum ya cika takarda ya nema. Baƙon da bai sani ba, babu mai bin sa gida ya tuna masa.

Jihar Kalifoniya ta fi kowa nisa a wannan hanya. Tun ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta shekarar 1978, ƙimar gida ba ta hawa fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara sai ranar da aka sayar da shi. Sakamakon haka, maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, wanda ya zo jiya na iya biyan ninkin na wanda ya zo tun da daɗewa sau da yawa.

To amma kada a ɗauka damar kai koke ita kaɗai ta isa ta kawo adalci. A shekara ta 2017 jaridar Chicago Tribune ta bi diddigin ƙiyasin gidaje a gundumar Kuk, inda birnin Shikago yake, ta gano cewa ƙananan gidaje na unguwannin talakawa ana kai su fiye da ƙimarsu, manyan gidaje kuma ana rage musu. Abin takaici, kai koken ma ƙara ɓata lamarin ya yi, domin masu hali su ne suka fi kai koke, su ke da lauyoyi, kuma wasu daga cikin manyan ƴan siyasar jihar ofisoshin lauyoyi gare su masu wannan aiki. Kuɗin da hukuma ke son tarawa kuwa ba ya raguwa don an rage wa wani. Abin da aka sauke daga kan mai bene, kan mai ɗaki biyu yake sauka. Jama'a sun hukunta shugaban ofishin ƙiyasin, Joseph Berrios, suka kayar da shi a zaɓen fidda gwani na shekara ta 2018.

Na birnin Ditroit ya fi ciwo. Bayan faɗuwar kasuwar gidaje ta 2008, farashi ya rushe amma hukumar birnin ta ci gaba da lissafi kamar babu abin da ya faru, duk da cewa kundin tsarin mulkin jihar Mishigan ya hana a ƙiyasta gida fiye da rabin kuɗinsa na kasuwa. Binciken da jaridar Detroit News ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2016 an ɗora wa masu gidaje rarar haraji da ta kai aƙalla dala miliyon 600. Dubun-dubatar gidaje aka ƙwace aka yi gwanjonsu saboda bashin haraji. Hanyar kai koke tana nan a rubuce duk tsawon lokacin. Tsohuwar da ke fama da abin kai wa bakin salati ba ta san da ita ba, ko ta sani wa'adi ya wuce ta.

A nan gida mun san wani irin koke, na kan titi. Ba a manta da dokar kasafin kuɗi ta shekarar 2018 ba, wadda ta zo da sababbin haraji, ciki har da na zama a gida. Tun daga watan Oktoba na 2017 ƙungiyoyin fararen hula suka dinga fitowa a Yamai da sauran manyan garuruwa, har aka kama wasu shugabanninsu a watan Maris na 2018, suka yi watanni a tsare. Wannan koke ne na cewa harajin gaba ɗayansa ya yi nauyi, kuma yana da muhallinsa. Wanda muke da ƙarancinsa shi ne na mutum guda da ya riƙo takardunsa ya ce: ban ƙi biya ba, amma kun yi kuskure a awon gidana, ga hujja. Dokar haraji ta tanadi kai ƙorafi a rubuce ga hukumar lanho, daga nan zuwa gaban shari'a. Mutum nawa ne a Tawa ko Birnin Ƙonni suka san haka? Abin da aka saba shi ne a nemi wanda ya san wani, a je a yi ciniki kamar ana sayen rago. Mai hanya ya samu ragi, marar hanya ya biya ko ya ɓuya. Abin da ya faru a Shikago kenan, sai dai namu ba shi da rajistar da ɗan jarida zai bi ya gano wa aka cuta.

Mu ma masu saye muna da namu laifi. Mutum zai tara guminsa na shekara ashirin, ya miƙa wa dillali, ya karɓi takardar fili ta meri, a yi fatiha a watse. Ba zai tambayi resin lanhon shekarun baya ba. Ba zai je ya duba ko sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa ba, ko kuwa gidan gado ne da ba a raba ba. A Teksas bashin haraji manne yake da gidan, duk wanda ya saya ya gaje shi, shi ya sa ba a kammala ciniki sai an bincika an biya. A ko'ina ne kuwa, ranar da ma'aikaci ya zo, ƙofar gida yake bugawa, kuma wanda ya tarar ciki shi zai yi bayani.

Akwai kuma wata ɗabi'a da kowa ya sani ba a son faɗi: a sayi gida miliyon 20 na sefa, a rubuta miliyon 8 a takarda don a rage kuɗin rajista. Mai saye na ganin ya yi dabara. Ranar da rigima ta tashi aka warware cinikin, miliyon 8 ɗin da ya sa wa hannu ita ce hujjarsa a gaban alƙali. Ɓarnar ba ta tsaya kansa ba. Idan duk takardun gari ƙarya ke cikinsu, babu ma'aunin da hukuma za ta yi ƙiyasi da shi, babu kuma wanda talaka zai ƙalubalance ta da shi. Sai a koma ga kallon fentin bango da girman ƙofa.

Ba mu ce a kwaso tsarin Teksas a dasa a Nijar ba. Harajinsu a kan kuɗin sayar da gida yake, namu da muka gada daga Faransa ya fi karkata ga kuɗin haya, kuma akasarin gidajenmu ba su da cikakkar takardar mallaka ta titir fonsiye. Amma akwai abin da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A Teksas kowa na iya shiga intanet ya ga ƙimar da aka sa wa gidan maƙwabcinsa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan kowane koke. Kafin hukumomi su sake faɗaɗa harajin gidaje, muna kira da a liƙa jerin ƙiyasin kowace unguwa a bangon meri, inda mai gida zai ga nasa ya ga na kusa da shi. A rubuta wa'adin kai ƙorafi da wurin da ake kai shi a jikin takardar lanhon kanta, a kuma sanar da shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Kwamitin da zai saurari koken kuma kada ya zama mutanen da suka yi ƙiyasin ne kaɗai, a sa magina da wakilan unguwa, kuma duk ragin da aka yi wa wani a rubuta sunan gidan da dalili a rajistar da kowa zai iya dubawa.