Shayin mai gadin dare ma kayan aikin tsaro ne

A rundunar sojin ruwan Amurka, ba abin da ake yi wa ba'a kamar gahawar da ake sha a jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku. Takan daɗe a kan wuta har ta yi baƙi ƙirin, ga ɗaci, kuma da ruwan teku da aka tace ake dafa ta. Tsofaffin ma'aikata ma ba sa yarda a wanke musu kofin shanta, wai dauɗar da ta kama shi ce shaidar daɗewa a aiki. Duk da haka tukunyar ba ta sauka. Jirgi kan yi wata biyu zuwa uku bai leƙo sama ba, kuma ko ƙarfe nawa ne dole wani ya zauna ido biyu a gaban na'ura.

Tun a 1914 sakataren rundunar, Josephus Daniels, ya haramta giya a jiragen yaƙin ƙasar, sai gahawa ta maye gurbi. Ita kuwa Birtaniya, tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu take saka tukunyar dafa ruwa a cikin tankokin yaƙinta, don kada soja ya fito fili dafa shayi a harbe shi. Manyan rundunoni sun daɗe da gane cewa abin ɗumin da mai tsaro zai kurɓa da tsakar dare yana cikin lissafin yaƙi.

Najeriya ba ta da irin waɗannan jirage, amma tana da masu kwana ido biyu. A ƙarshen 2025 'yan bindiga da ke tsallakowa daga Katsina suka addabi ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a arewacin Kano, suna sace mutane da dabbobi. An tura sojoji, amma ƙauyukan yankin birjik suke, gona na haɗe da gona, ba yadda za a yi soja ya tsaya a bakin kowane gari. Ragowar aikin yana wuyan 'yan sintiri, waɗanda akasarinsu manoma ne. Mutum ya wuni yana sussukar dawa ko ban ruwa a gonar rani, sannan ya kwana a bayan gari cikin sanyin hunturu, da tocila da sanda ko bindigar toka.

Mai shayin tasha yakan tashi kafin dare ya raba. Daga nan zuwa kiran assalatu, lokacin da barci ya fi nauyi, mai gadi sai abin da ya zo da shi a aljihu. In an yi sa'a goro ne. In ba a yi ba, ƙwaya ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma kimanin miliyan 4.6 daga ciki irin su Tramadol suke sha ba da izinin likita ba. Masu aikin ƙarfi da dama don kashe gajiya suke fara shanta. Matashin da ya kori barci da ƙwaya kuma ga makami a hannunsa, hatsari ne ga garin da yake gadi.

Wasu za su ce ana maganar rayuka, wa ke ta shayi? Gaskiya ne buta ba ta maganin AK-47, kuma alawus da babura da wayar sadarwa sun fi ta muhimmanci. Sai dai duk waɗannan ba su da amfani a hannun wanda gyangyaɗi ya kwashe. Ganyen shayi da sukari da citta da gawayi su ne mafi arha a jerin buƙatun, shi ya sa ba wanda ke tunawa da su a kasafi.

Shayin ma shi kaɗai ba ya biyan bashin barci. Shekaru da dama sojojin ƙarƙashin teku na Amurka suna aikin awa 6 su huta awa 12, tsarin da ya riƙa jirkita musu lokacin barci, kuma gahawa ba ta hana su galabaita ba. A 2014 rundunar ta fara komawa tsarin da kowa zai riƙa kwanciya a lokaci guda kullum.

Don haka abu biyu ke gaban shugabannin ƙananan hukumomin Shanono, Tsanyawa, Bagwai da maƙwabtansu, tare da dagatai da masu unguwanni. A ware kuɗin shayi da burodi a rubuce ga kowane wurin gadi, a damƙa wa mutum ɗaya da gari ya sani, wanda za a iya tuhuma. Sannan a raba dare gida biyu, kada wanda ya kwana gadi jiya ya sake kwana yau. Idan hukuma ta yi jinkiri, ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan kasuwar da suka fito daga yankin za su iya ɗaukar nauyin butar tun daga daren yau.