Lafiyar Iyali: Ƙwayoyin "Antioksidan" da Allin da Ke Taruwa a Jijiya

A filinmu na wannan wata za mu tsaya ne a kan wata kalma da ta cika jikin kwalaben magani da bakunan masu talla, wato "antioksidan". Ana sayar da ƙwayoyi masu wannan suna da alkawarin cewa suna wanke jijiya, har su narkar da allin da ke taruwa a hanyoyin jinin dattawa. Da yake daga kuɗin cefane ake cire jikkuna a saye su, kuma wasu har ajiye maganin asibiti suke yi saboda su, ya wajaba mu duba abin da bincike ya tabbatar.

Bari mu fara da ciwon kansa. Lafiyayyar jijiyar jini taushi gare ta, tana buɗewa tana komawa kamar sabuwar roba a duk bugun zuciya. Idan shekaru suka ja, sinadarin kalsiyam haɗe da fosfat, wato irin ma'adinin da ke cikin ƙashi, yakan kwanta a bangonta. Wani lokaci yana kwanciya ne a cikin kitsen da ya manne a jijiyar, wani lokaci kuwa a tsakiyar bangon, kamar yadda likitan Jamus Mönckeberg ya bayyana tun 1903. Jijiyar sai ta sandare, lambar sama ta awon jini ta hau, zuciya ta yi ta aiki fiye da kima har namanta ya yi kauri. Abin ya fi sauri ga masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda da ya daɗe. Tun 1990 likitan Amurka Arthur Agatston ya fito da hanyar ƙidaya yawan allin da ke jijiyoyin zuciya da na'urar sikana, kuma gwargwadon hawan lambar, gwargwadon haɗarin bugun zuciya.

Da can an ɗauka allin yana kamawa ne kawai, kamar farin ɓawon da ke gindin butar shayi. Yanzu an gane cewa jiki ne da kansa yake gina shi. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke bangon jijiya, waɗanda aikinsu tsukewa da saki ne, sukan sauya hali su koma yin aikin masu gina ƙashi. Saboda haka shan nono ko madara ba shi ne mafarin ciwon ba, bai kuma kamata a hana dattijo furarsa da nono a kan wannan zato ba.

To ina antioksidan ya shigo? Jiki yana ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, kuma ƙonawar tana barin wasu burbushi masu cin duk abin da suka taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Taba, yawan suga a jini da raunin ƙoda duk suna ƙara yawansu. Antioksidan su ne sinadaran da ke kashe kaifin waɗannan burbushi: wasu jiki ne ke yin su, wasu kuma suna cikin abinci, irin su bitamin C da bitamin E. A 2008 masana a Jami'ar Alabama ta Amurka sun nuna cewa idan aka zuba ɗaya daga cikin burbushin nan a kan ƙwayoyin halittar jijiya a ɗakin gwaji, sai su kunna wani makulli mai suna Runx2, su fara tara alli. An kuma gwada wasu antioksidan, kamar wanda ke cikin albasa da na ɓawon inabi, a jikin ɓeraye masu lalatacciyar ƙoda, aka ga allin ya ragu. Wannan ne tushen fatan da ake yi, kuma fata ne mai hujja.

Sai dai fa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Da aka kai gwajin ga mutane, labari ya sha bamban. A 2000 wani babban bincike da masanan Kanada suka jagoranta ya bi mutane fiye da 9,000 masu haɗarin ciwon zuciya, rabinsu suna shan bitamin E kullum, bai kuwa rage musu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. A 2002 masanan Jami'ar Okusfod a Ingila sun fitar da sakamakon gwajin mutane 20,536, inda rabinsu suka sha bitamin E da C da beta-karotin har shekara 5, nan ma ba a ga amfani ba. Wanda ya fi shafar zancenmu shi ne na asibitin St. Francis a jihar Niyok, da aka buga a 2005. Mutane 1,005 ne masu yawan alli a jijiyoyin zuciya, aka bai wa rabinsu bitamin C da E tare da maganin rage kitsen jini, sauran kuwa ƙwaya marar magani. Bayan sama da shekara 4, allin ya ƙaru a ɓangarorin biyu ba tare da wani bambancin kirki ba.

Har ila yau, yawan shan ƙwayoyin bai rasa illa ba. A Finlan, gwajin da aka yi wa maza 29,133 masu shan taba ya nuna a 1994 cewa waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A 2011 wani binciken Amurka ya gano ƙaruwar kansar mafitsara ta maza da kashi 17 cikin 100 ga masu shan bitamin E. Yawan bitamin C kuwa yana iya haddasa tsakuwar ƙoda, musamman ga wanda ƙodarsa ta riga ta raunana.

Dalilan saɓanin ɗakin gwaji da jikin mutum a fili suke. Ɓera ana ba shi maganin ne tun allin bai kafu ba, dattijo kuwa ya shekara 30 yana tara nasa. Bugu da ƙari, burbushin nan ba duka ne sharri ba, domin da su garkuwar jiki take kashe ƙwayoyin cuta. Kuma lambar allin ba ita kaɗai ce abin dubawa ba: magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin suna iya ƙara ta kaɗan, alhali suna rage bugun zuciya, domin suna daskarar da kitse mai taushi wanda shi ne ke fashewa ya toshe jijiya. Akwai dai wani sinadari, tiyosalfet, da likitoci ke sakawa ta jijiya ga masu wankin ƙoda da alli ya toshe musu ƙananan jijiyoyin fata, amma wannan aikin asibiti ne, ba na kanti ba. Har yau babu ƙwayar antioksidan da aka tabbatar tana narkar da allin jijiyar ɗan Adam.

Abin da aka tabbatar yana kare zuciya kuwa ba shi da tsada. A riƙa auna jini da suga, a sha maganin da likita ya rubuta ba fashi, ko da an ji garau. A bar taba. A rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, a kuma tuna cewa dunƙulen magi da kanwa su ma suna cikin lissafi. A guji shan maganin ciwon jiki irin su diklofenak barkatai, domin suna nakasa ƙoda. Mai ciwon ƙoda ya nisanci baƙin lemon kwalba da naman gwangwani saboda fosfat ɗin da ke cikinsu, ya kuma nemi shawarar likita a kan ƴaƴan itacen da suka dace da shi. Sauran jama'a kuwa su nemi giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana: zogale, rama, tumatir, gwaiba, mangwaro da makamantansu, waɗanda ke ɗauke da antioksidan a gwargwadon da jiki ya saba da shi. A haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako.

Shawararmu ga masu ɗawainiyar iyaye ita ce, kafin a miƙa kuɗi ga mai kwalba, a fara tambaya: yaushe rabon da a auna jinin Baba, kuma maganin Inna na wannan wata ya cika? Idan akwai ragowa, a kai ta wurin mai kayan miya. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.