A Gwada Batir Kafin A Rubuta Takardar Sayen Sabo

Duk ma'aikacin da ya daɗe a ofisoshin gwamnatin tarayya a Abuja ya san yadda abin yake. A ɗauke wuta da tsakar rana, inbata ta riƙe na minti biyar ko goma, ta yi kuka, sannan kwamfutoci su mutu tare da aikin da ba a adana ba. Kashegari takarda ta hau teburin Darakta: batura sun mutu, a amince a sayi sababbi. Da wuya a ji an tambayi wanda ya gwada su, balle abin da ya gani.

Wannan jarida na ganin a nan kuɗin jama'a ke zurarewa, kaɗan-kaɗan, ba tare da hayaniya ba.

Batirin dalma mai bolt 12 yana da ɗakuna shida a cikinsa, kowanne na ba da kimanin bolt 2. Inbata mai bolt 48 kuwa batura huɗu ake jera mata, wuta na ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗaki guda ya lalace a batir guda, ƙarfin jerin duka ya faɗi, na'urar ta kashe kanta. Mai kallo daga waje zai ce dukansu sun mutu, alhali ukun na iya kasancewa da sauran rai. Wani lokacin ma baturan lafiyarsu ƙalau: kan waya ne ya saki ko ya yi tsatsa, ko kuma an saita cajin ba daidai ba, yana dafa su ko yana barin su da yunwa. Wanda ya zuba sababbi a kan irin wannan caja ya sayi matsalar baɗi da kuɗin bana.

Gano gaskiyar ba ya buƙatar ƙwararre daga ƙasar waje. Batirin da ya cika ya kuma huta yakan nuna kimanin bolt 12.6, amma wannan awo kaɗai yana yaudara, domin raunannen batir ma kan nuna hakan har sai an ɗora masa kaya. Saboda haka ake auna kowanne daban yayin da yake aiki, a ga wanda ke saurin faɗuwa. Masu ruwa kuma ana auna kaurin ruwansu ɗaki-ɗaki, a ƙara musu tataccen ruwa, ba na famfo ba. Aikin yini guda ne.

Ba muna cewa kullum gyara ya fi saye ba. Idan jerin ya tsufa, sabon batir da aka cusa a cikinsa ba zai daɗe ba, kuma a nan sauya duka shi ne daidai. Amma awo ne ya kamata ya yanke wannan hukunci. A yau, sau da yawa mai sayar da batir shi ne mai duba shi, kuma ba a tambayar kura lafiyar akuya.

Akwai kuma zafi, wanda laifinsa ba na ɗan kwangila kaɗai ba ne. Masu ƙera batura kan lissafa tsawon rayuwarsu ne a kan digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja kan haura 35. Duk da haka, a ƙarƙashin matakalar bene ko a ɗakin ajiya marar taga ake tura batura, yayin da na'urar sanyaya ɗaki ke hura ofishin da babu kowa a ciki.

Dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tabbatar da cewa abin da aka saya ya cancanci kuɗinsa. Kwangilar da ta ƙare ranar da aka sauke kaya ba ta cika wannan sharaɗi ba. Batirin da ya yi watanni a sito ba caji yakan fara lalacewa tun yana cikin kwalinsa, don haka ya kamata ranar ƙera shi ta shiga takardar karɓar kaya, a kuma gwada shi da kaya a gaban injiniyan ma'aikata kafin a sa hannu. A riƙe wani kaso na kuɗin har wa'adin garanti ya cika. A ajiye littafi kusa da baturan, duk bayan wata uku a rubuta awon kowanne.

Sai tsofaffin da aka cire. Dalmar da ke cikinsu kuɗi ce, shi ya sa sukan ɓace tsakanin ɗakin inbata da ƙofar fita. Guba ce kuma ga yaran unguwar da za a fasa su. Dukiyar gwamnati ce, a ƙirga su, a miƙa su ga masu lasisin sarrafa su, da rasit.

Ga mataimaka da jami'an da ke tsara takardu kafin su isa gaban Babban Sakatare, roƙonmu ƙarami ne. Idan buƙatar sayen batura ta zo ba tare da takardar awon kowane batir ba, ɗauke da kwanan wata da sa hannun wanda ba shi zai sayar da sababbin ba, a mayar da fayil ɗin inda ya fito.