Ƙuri'a 755 a Mazaɓar da Aka Ce ta Gado ce

Sharhinmu na yau zai kai mu kudu maso yammacin jihar Pensilbaniya ta Amurka, ƙasar masu haƙar kwal da masu narka ƙarfe, inda a ranar Talata, 13 ga watan Maris na 2018, aka yi wani zaɓen cike gurbi da ya hana manyan 'yan siyasar ƙasar barci.

Kujera ɗaya ce tal daga cikin kujeru 435 na Majalisar Wakilan Amurka, kujerar mazaɓa ta 18. Mazaɓar ta taso ne daga unguwannin masu hali da ke kudancin birnin Pittsburgh, ta gangara cikin ƙauyuka da tsofaffin garuruwan ma'adinai, har ta dangana da iyakar jihar West Virginia. Kowa ya san ta 'yan ra'ayin riƙau ce. A zaɓen shugaban ƙasa na 2016 Donald Trump ya cinye ta da tazarar kusan kashi 20 cikin 100. Ɗan majalisar da ke wakiltarta, Tim Murphy na jam'iyyar Rifablikan, yana kan kujerar tun 2003, kuma a zaɓukan 2014 da 2016 jam'iyyar Dimokurat ko ɗan takara ba ta tsayar masa ba. Ku riƙe wannan a zuciya, don za mu dawo kansa.

Abin da ya tayar da Murphy daga kujerar abin kunya ne. Mutum ne da ya yi suna wajen adawa da zubar da ciki. Sai ga jaridar Pittsburgh Post-Gazette ta wallafa saƙonnin waya da suka nuna ya nemi wata mata da yake hulɗa da ita a waje ta zubar da cikin da ake zaton tana ɗauke da shi. A watan Oktoba na 2017 ya ajiye muƙami.

Rifablikan suka tsayar da Rick Saccone, ɗan majalisar dokokin jiha, tsohon sojan sama, mai shekara 60, wanda yake alfahari da cewa shi ya riga Trump zama Trump. Dimokurat suka kawo Conor Lamb, matashi ɗan shekara 33, tsohon sojan ƙundunbala, lauyan gwamnatin tarayya mai gabatar da ƙara, wanda ya sha gurfanar da dillalan miyagun ƙwayoyi. Bai taɓa takarar komai ba, ko da yake gidansu gidan siyasa ne: kakansa ya taɓa zama jagoran masu rinjaye a majalisar dattawan jihar.

Da Rifablikan suka ga ƙasa na motsi a ƙarƙashinsu, sai suka buɗe bakin aljihu. Ƙungiyoyin da ke mara musu baya sun zuba sama da dala miliyan 10 a wannan mazaɓa guda. Mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokaci, Mike Pence, ya je. 'Ya'yan shugaban ƙasa sun je. Trump da kansa ya yi gangami a kusa da filin jirgin saman Pittsburgh saura kwana uku zaɓe, bayan ya sa hannu a kan harajin kashi 25 cikin 100 na ƙarafan da ake shigowa da su daga waje, abin da ma'aikatan ƙarfe na yankin suka daɗe suna nema.

Da aka gama ƙidaya, Lamb ya samu ƙuri'a 114,102, Saccone ya samu 113,347. Tazarar ƙuri'a 755.

To, a nan ne zancen da ya kawo mu yake. Yaya mutanen mazaɓar suka karɓi wannan sakamako, kuma yaya 'yan siyasa suka fassara shi?

A daren zaɓen dai babu wanda ya san inda aka kwana. Tazarar ba ta wuce ƙuri'a ɗari shida da 'yan kai ba, ana jiran ƙuri'un waɗanda suka aiko ta gidan waya. Magoya bayan Lamb sun yi cincirindo a wani otal a garin Canonsburg har bayan tsakar dare, lokacin da ya fito ya ce musu an daɗe fiye da yadda aka yi zato, amma dai an yi nasara. A ɗaya ɓangaren kuwa Saccone ya sallami mutanensa da cewa ba a gama ba tukuna. Lauyoyin jam'iyyarsa suka rubuta wa gundumomi huɗu na mazaɓar cewa a killace na'urorin zaɓe da takardun ƙuri'a, aka yi ta maganar sake ƙidaya. Kwana takwas aka yi a haka kafin Saccone ya kira abokin karawarsa ya taya shi murna.

Fushin farko na magoya bayan Rifablikan bai sauka a kan Lamb ba. A kan wani bawan Allah ya sauka, Drew Miller, ɗan takarar ƙaramar jam'iyyar Libertarian, wanda ya samu ƙuri'a 1,381, wato fiye da tazarar da aka ci su da ita. Shi kansa tun a daren ya yi ba'a a Twitter cewa saura 'yan sa'o'i ya zama mutumin da aka fi tsana a Amurka. Lissafin masu fushin mai sauƙi ne: da bai tsaya ba, da ƙuri'unsa namu ne. Amma wa ya ce naku ne? Mutumin da ya bar gidansa, ya je rumfar zaɓe, ya ga sunan Saccone ɓaro-ɓaro, ya tsallake shi ya dangwala wa wanda ya san ba zai ci ba, ai ya riga ya gaya muku ra'ayinsa a kanku.

Daga nan sai aka koma kan Saccone. Tun kafin ranar zaɓe ma wasu jiga-jigan jam'iyyar sun fara raɗa wa 'yan jarida cewa ɗan takarar ba shi da kuzari, bai iya tara kuɗi ba, bai iya jan jama'a ba. Akwai gaskiya a ciki, domin Lamb ya ninka shi sau da dama wajen tara gudummawa. Sai dai laifi tudu ne. Wakilan jam'iyyar ne da kansu suka zauna suka fitar da shi, ba a yi zaɓen fid da gwani na gama-gari ba. Kuma wannan mutumin da aka ce ba ya jan jama'a ya sha cin zaɓen majalisar jiha a yankinsa.

Fassarar da ta fi ba ni dariya ita ce ta Paul Ryan, ɗan Rifablikan, kakakin Majalisar Wakilai na wancan lokaci. Washegarin zaɓe ya ce ai Lamb a matsayin ɗan ra'ayin riƙau ya yi takara: mai goyon bayan mallakar bindiga, mai ƙin zubar da ciki, mai adawa da Nancy Pelosi, jagorar 'yan Dimokurat a majalisar. Trump ma ya ce Lamb ya ci ne don ya yi kama da shi. Wato an kayar da mu, amma da sandarmu aka buge mu, don haka ba faɗuwa ba ce. Kafin zaɓe kuwa, su ɗin nan sun kashe miliyoyin daloli suna tallar cewa Lamb ɗan amshin shatan Pelosi ne. Mutum ɗaya, ranar Litinin yaron Pelosi, ranar Laraba ɗan gidan Trump.

Gaskiyar lamarin ta fi haka sarƙaƙiya. Eh, Lamb ya fito a talla yana harba bindiga, ya ce ba zai zaɓi Pelosi shugabar 'yan jam'iyyarsa a majalisa ba, kuma ya goyi bayan harajin ƙarafa. Game da zubar da ciki ya ce shi a karan kansa, a matsayinsa na ɗan ɗarikar Katolika, ba ya so, amma ba zai nemi a sauya doka ba. Sai dai ya soki dokar rage haraji ta Rifablikan da cewa masu kuɗi ta yi wa aiki, ya kare tsarin inshorar lafiya na zamanin Obama, ya ce ba zai yarda a taɓa kuɗin tallafin tsofaffi ba. Abin da kuma ya ƙi yi shi ne zagin Trump. Ya san cewa da yawa daga cikin waɗanda yake roƙon ƙuri'unsu Trump suka zaɓa, kuma ba ka ce wa mutum wawa sannan ka miƙa masa ƙoƙon bara.

Mu bar 'yan siyasa, mu koma kan masu jefa ƙuri'ar.

Akwai 'yan ƙwadago. Yankin nan cike yake da 'yan ƙungiyoyin ma'aikatan ƙarfe, da mahaƙa kwal, da kafintoci, da masu aikin wuta. Da yawansu har zuwa lokacin a rajista 'yan Dimokurat ne, gadon iyaye da kakanni, ko da yake sun daɗe suna zaɓen Rifablikan a zaɓen shugaban ƙasa. Tim Murphy ya san wannan, shi ya sa ya zauna lafiya da ƙungiyoyin ƙwadago, har wasunsu suna mara masa baya. Saccone kuwa ya goyi bayan dokokin da ke rage ƙarfin ƙungiyoyin. A daidai lokacin kuma asusun fanshon mahaƙa kwal yana gab da durƙushewa, dubban tsofaffin da suka ƙare ƙuruciyarsu a cikin rami ba su san makomar kuɗinsu ba. Lamb ya yi alkawarin goyon bayan dokar ceto asusun. Saura kwana biyu zaɓe, shugaban ƙungiyar mahaƙan, Cecil Roberts, ya tsaya a gaban taro a gundumar Greene ya gabatar da shi a matsayin Dimokurat mai tsoron Allah, mai bindiga, mai kare fansho. Dattijon da ya zaɓi Trump a 2016 don ya yi alkawarin farfaɗo da kwal, ya kuma zaɓi Lamb a 2018 don ya yi alkawarin kare fansho, bai ga wani tufka da warwara a ciki ba. Abu ɗaya yake nema sau biyu. 'Yan jarida daga birnin Washinton ne suke ta mamaki.

Kada dai a zuzuta. Lamb bai ci gundumar Greene ba, bai ci Westmoreland ba, bai ci gundumar Washinton ba. Ya dai rage tazarar da ake ba jam'iyyarsa a can. Inda ya yi rinjaye shi ne ɓangaren gundumar Allegheny, unguwannin kewayen Pittsburgh.

A can ɗin kuma labarin na mata ne. Tun farkon 2017, watanni kafin a san za a yi wani zaɓen cike gurbi, wasu mazauna yankin, akasarinsu mata, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan fansho, suka ɗauki al'adar taruwa kowace Litinin a ƙofar ofishin Murphy da ke Mount Lebanon, suna neman ya fito ya yi zaman sauraron jama'a. Ba su samu abin da suka nema ba, amma sun san juna, sun karɓi lambobin wayar juna. Da kujera ta zama babu kowa, su ne suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Murnarsu a daren nan irin ta wanda ya shekara yana noma ce, ana ce masa gonar ba ta haihuwa.

Sai rukuni na uku, waɗanda ba a jin muryarsu a rediyo ko talabijin, kuma a ganina su ne suka yanke hukuncin: waɗanda suka yi zamansu a gida. Ƙuri'un Saccone ba su wuce rabi da kaɗan na abin da Trump ya samu a mazaɓar a 2016 ba, alhali Lamb ya riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na abin da abokiyar karawar Trump, Hillary Clinton, ta samu. Dubun-dubatar mutanen da suka fito don Trump ba su ga dalilin fitowa don wanda ya ce ya riga Trump zama Trump ba. Shugaban ƙasa ya zo da kansa ya ɗaga hannunsa, suka yi tafi, suka koma gida. Farin jini ba riga ba ce da za ka tuɓe ka ara wa wani.

Na ce za mu dawo kan zaɓukan 2014 da 2016. Sau biyu a jere mutumin mazaɓa ta 18 ya shiga rumfa ya tarar babu ɗan Dimokurat a takarar wannan kujera. Daga nan masana suka buga mata hatimi: wannan ta Rifablikan ce har abada. Ta yaya aka sani, alhali ba a tambaye su ba? Jam'iyya ta yi lissafi a ofis ta ce kada a ɓata kuɗi a can, rashin zuwanta ya sa ɗaya ɓangaren ya ci babu hamayya, sannan aka ɗauko wannan cin aka kafa hujja da shi cewa da ma ba a zuwa. Ranar da aka kawo musu mutumin da ya san yarensu, ya shiga ɗakunan taron ƙwadago da na tsofaffin sojoji ya zauna ya saurare su, sai mazaɓar ta rabu gida biyu kusan daidai wa daida.

Su ma 'yan Dimokurat ba su tsira daga jin abin da suke so su ji ba. Masu matsakaicin ra'ayi suka ce kun gani, irin Lamb za a riƙa tsayarwa ko'ina. Masu ra'ayin kawo sauyi suka ce a'a, ƙwadago da fansho da lafiya ne suka ci zaɓen, ba bindiga ba. Kowa ya yanki inda ya yi masa daɗi. A watan Nuwamba na shekarar jam'iyyar ta ƙwace Majalisar Wakilai da ƙarin kujeru kusan 40, da dama daga cikinsu a irin waɗannan unguwanni na kewayen birane. Shi kuwa Paul Ryan tun a watan Afrilu ya sanar cewa ba zai sake takara ba.

Wani abin ban mamaki shi ne, duk wannan kuɗi da wannan ƙura an tayar da su ne a kan mazaɓar da aka riga aka yanke wa hukuncin rushewa. Tun a watan Fabrairu, kafin a kaɗa ƙuri'a, Kotun Ƙolin jihar ta fitar da sabuwar taswirar mazaɓu, bayan ta ce tsohuwar an zana ta ne don fifita Rifablikan. Lamb ya koma sabuwar mazaɓa ta 17, ya kayar da ɗan majalisa mai ci Keith Rothfus a watan Nuwamba. Saccone ya nemi tikitin sabuwar mazaɓa ta 14, 'yan jam'iyyarsa suka kayar da shi a zaɓen fid da gwani a watan Mayu. Mutanen Greene da na gundumar Washinton, ciki har da mahaƙan da suka yi wa Lamb tafi, a wannan mazaɓa ta 14 suka tsinci kansu, kuma da Nuwamba ta zo ɗan Rifablikan, Guy Reschenthaler, ya cinye ta cikin ruwan sanyi.