Halin Shugabar Ɗaki Yakan Sauko Har Gadon Mai Haihuwa



Ki saurari hirar mata a layin awo, ko a cikin Keke Napep daga shataletalen Ƙofar Kaura zuwa asibiti. Tambayar da ta fi yawa ita ce, "Wace Sista ce a ɗakin haihuwa yau?" In an ce wance, ki ji an yi hamdala. In an ce wance kuwa, wata ma cewa za ta yi gara ta haihu a gida. Tambayar da ban cika ji ba ita ce, wace ce shugabar ɗakin? Alhali halinta ya fi shafarki fiye da yadda kike zato, ko da ba ki taɓa ganin fuskarta ba.

Kowane ɗaki a asibiti yana da babbar nas da ke riƙe da shi. Ita ke raba aikin safe da na rana da na dare, ita ke haɗa sabuwar hannu da tsohuwar hannu, ita ake kira in abu ya rikice. Ƙaramar nas ɗin da ta daka miki tsawa da tsakar dare, sau da yawa ita ma an wanke ta tas lokacin miƙa aiki, a gaban ɗalibai. Ba uzuri nake nema mata ba, tsawa ga mai naƙuda laifi ne, kuma tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a kan wulaƙanta mata wajen haihuwa a asibiti. Ina dai nuna miki inda ruwan ya gangaro.

Tsawar ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsoro.

Ɗauki zubar jini bayan haihuwa. In jinin ya kai rabin lita cikin awa 24, an shiga haɗari, kuma yana iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa ma mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, da zarar ya kai layi sai a haɗa dukkan matakai lokaci guda: murza mahaifa, allurai, ƙarin ruwa, dubawa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Amma matakin ƙarshe a tsarin shi ne a kira na gaba in jinin bai tsaya ba. Leda za ta nuna layi, ba za ta ɗauki waya ba. Yarinyar da ta gama makaranta bara ce za ta ɗauka, da ƙarfe biyun dare. In tana tsaye tana lissafin, "In na tashe ta, ya zama ba komai, da wane ido zan kalle ta gobe?" to minti goma sun tafi, kuma jininki ne ke zuba a cikinsu.

Shi ya sa nake ganin sanin kai ga shugabar ɗaki daidai yake da sanin allura. Ba wai ta sauya hali ba, mace mai shekara hamsin ba za ta wayi gari wata daban ba. Ta dai san yadda halinta ke faɗo ma na ƙasa da ita.

Mai zafin rai, misali, tana da ranarta. In jijjiga ta kama mai ciki, ita kike so a kanki, don ba ta inda-inda. Wadda ta san kanta a cikinsu ba ta gyara kuskure a bakin gado, takan bari sai an shiga ofis, sai kuma ta sha ruwa. Kuma tun ranar farko takan faɗa ma sabuwar nas, "Ina da faɗa, amma ban taɓa yi ma kowa faɗa don ya tashe ni ba. Ki kira ni sau goma a banza." Wadda ba ta san kanta ba kuwa, in ta shigo ɗaki ya yi tsit, sai ta ɗauka girmamawa ce. Ƙofar nan tamu sunan Kaura ta ci, jagoran mayaƙan Katsina a da, wasu shugabanninmu kuma kamar su aka naɗa ma rawanin.

Akwai kuma mai sanyin hali, wadda kowa ke yabo. Ni dai ban fi amincewa da ita ba. Ba ta iya cewa a'a, don haka manya su zaɓi aikin safe, dare ya faɗa kan yara biyu marasa gogewa. Mai zuwa a makare ba a taɓa yi mata magana ba. Ɗaki lafiya lau, ana ta raha, amma ba wanda ya auna hawan jininki tun la'asar.

A 1955 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Joseph Luft da Harrington Ingham, suka zana taga mai gida huɗu don bayanin sanin kai. Gida ɗaya a ciki shi ne abin da kowa ya sani game da kai, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Mu da can mun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Shugaba ba ta da hanyar leƙa wannan gida sai ta tambaya, kuma ba ƙawayenta za ta tambaya ba. Mai shara da mai tura keken marasa lafiya sun fi kowa sanin ta. In wata guda ya wuce ba wanda ya zo ya ce mata "na yi kuskure", ba kuskuren ne babu ba, ɓoye mata ake yi.

To ke fa, uwargida? Tun kina zuwa awo ki tambayi sunan shugabar ɗakin haihuwa da inda ofishinta yake, ki kuma sanar da wadda za ta zauna da ke. In kina da ƙorafi, da hantsi ya fi, bayan an gama miƙa aiki. Ki faɗi rana da lokaci da abin da ya faru, ban da zagi. Yadda ta karɓi maganarki zai nuna miki irin ɗakin da take riƙe da shi. In an kyautata miki ma ki je ki faɗa, da sunan nas ɗin, don irin wannan ba ya cika isa ofis.

Amma in kin haihu kika ga ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko jini na fita guda-guda, ko jiri na ɗibarki, wannan ba ya jiran hantsi, kuma ba wurin kunya ba ne ko da haihuwar fari ce. Ki ɗaga murya. In nas ɗin da ke kanki ta tsaya jinkiri, mai jinyarki ta ce mata kai tsaye, "Don Allah a kira babba."